Wayar da ke kawo min mamata

Daren Laraba, bayan isha'i

Surukata Talatu ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Sati uku ban yi barcin kirki ba. Wayar nan da ɗana Habu ya saya min, duk sanda na taɓa ta sai in ji ana innalillahi, ga hoton mamaci. Na ce shi ke nan, kirana ake yi. Har likkafanina na ciro daga ƙasan adaka na shanya.

Yau da safe na faɗa wa Talatu. Ta ce, "Inna, in kin ga mamacin me kike yi?"

Na ce tsayawa nake in karanta masa ƙulhuwallahu uku. Wa zai wuce Musulmi haka?

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ai abin da kika daɗe a kansa shi wayar take ƙaro miki. Ta ɗauka su kike so."

Muka wuni kallon awaki da masu dashen albasa a dam ɗin Watari a cikin wayar, don ta ɗauka su nake so. Bayan magariba na buɗe da bismillah, sai ga akuya ta haifi uku. Da tsufana na rangaɗa guɗa.

Mamatan ban daina yi musu addu'a ba. Sai dai yanzu ina ture hoton gaba tukuna, in yi a zuci, kada wayar ta ji.