Jakunkunan Takardar da Baba Ya Tara a Otal-otal

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni 'yar Konni ce, na manyanta, har da jikoki. Tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a shekarun alif ɗari tara da saba'in, babanmu direban wani Alhaji ɗan kasuwa ne, yana kai shi Kotonu, Lome, Abijan, Legas. Alhaji ya kwana otal, Baba ya kwana cikin mota, amma da safe in ya hau ɗauko kaya sai ya tsinci wasu 'yan jakunkunan takarda a makewayi, masu tsabta, wata da fure, wata da hoton mace. Bai yi boko ba, ya ɗauka na zuba tsaraba ne. Kowace ƙasa sai ya zo da tata ya adana cikin akwatin ƙarfe. Manyan baƙi kaɗai yake buɗe ma shi, mu ko taɓawa ba mu isa ba.

Yanzu ya tsufa tukuf, idanu sun tafi, abokansa duk sun rasu. Jakunkunan nan su ne abin da ya rage mishi, ya shafa ɗaya ya ce wannan ta Lome ce, ranar da ruwa ya tare su a duwan, wurin 'yan kwastan, ya yi ta dariya shi kaɗai.

To ga bikin ɗiyata ya matso, ya rantse a cikinsu za a zuba goro da dabino a miƙa wa liman da dangin ango, wai don irin wannan rana ya aje su. Ɗiyar tawa ungozoma ce, da ta karanta rubutun jikinsu sai ta dafe kai, ta ce Inna, na zubar da ƙunzugun mata ne in sun yi al'ada. Innalillahi! Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma dangin angon 'yan Yamai ne, kallo ɗaya za su gane.

Yayana ya ce a ƙone su a ce gara ta ci, muka yi faɗa sosai, na ce kashe tsoho yake so. Ɗiyata ta ce a faɗa mishi gaskiya, to da wane baki zan yi wa ubana wannan zance? Mutumin da ya nuna su ga malamai yana alfahari.

Jiya ya sa an kawo goron, yana ta tambaya ko an fara zubawa. Don Allah in ku ne, me za ku ce mishi?