Ki Sauke Kwalbar Nan, Onorina

Canelli, watan Afrilu, 1957

Zuwa ga Onorina Pesce, sanyin idona, furen inabin da ƙamshinsa ke riga shi isowa, raɓar da ke kwana a kan ganyen gonata, zaƙin da ƙudan zuma ke bi tudu-tudu suna nema ba su samu ba: gaisuwa mai tarin yawa, da girmamawa irin wadda ta dace da ke.

Kafin ki ci gaba da karatu, ina roƙon ki don girman Allah, ki ɗaga kai ki dubi kantar da ke bisa teburin gugarki. Kwalbar tana nan? Kada ki taɓa ta tukuna. Ki matsa can bakin ƙofa, ki ba ta baya, sa'an nan ki karanta sauran.

Ki sani wannan rubutu na hannun Evasio Ghignone ne, ba na Fadan cocinmu ba, ba na mai gidan waya ba. Duk tsawon sanyin bana na zauna a ajin yamma na Malama Piera, a kan bencin yara, gwiwoyina na karo da tebur, ni da nake da gona da rumbun giya, ni da ake tsayar da ni a kasuwa a nemi shawarata. Na jure dariyar maƙwabta domin ke. Niyyata ita ce wasiƙata ta farko ta zo miki da furanni zalla. Ga shi ta zo da tsoro a bakinta.

Kin tuna ranar da aka gama tsinkar inabi, lokacin da kika zo daga Savona taya gwaggonki aiki? Muka zauna a gindin ɓaure, hannuwanmu na danƙo, rina na kewaya kwanduna. Na jawo giyar moscato ta bara daga rijiya, kwalbar na zufar sanyi, na zuba miki. Kika kalli kofin, kika kalle ni, kika ce, "Ƙaton mutum kamar kai, Evasio, giyar yara ka iya?" Sai kika kurɓa. Kumfar ta hau miki hanci, kika yi atishawa, kika yi dariya har da riƙe ciki, kika sake miƙo kofin ba tare da kin dube ni ba. Wayyo, wannan miƙowa! Wane sarki aka taɓa yi wa irinta? Giyar da ba ta kayar da kowa, wadda tsohuwa ke sha ta tashi ta koma ɗinkinta, ita ta kayar da ni ran nan, alhali ban ko kai kofina baki ba. Tun daga lokacin, in na sha ta, ba ƙamshin furen lemo nake ji ba, ba zuma ba. Dariyarki nake ji tana tashi a harshena, ƙanana-ƙanana, kamar yayyafin farko a kan kwano.

Inabin layin da kika tsinka da hannunki na ware shi dabam. Na matse shi ni kaɗai. Duk lokacin da ruwan ya fara motsi a ganga, sai in tace shi ta buhunan ƙyalle, in sake tacewa, yatsuna na tsagewa don sanyi, domin in kwantar da shi zaƙinsa na nan da rai, kamar yadda mahaifina ya koya mini. Shi na ɗura na kawo miki da Kirsimeti, tare da maganar da ke raina. Ba ki ko ajiye dutsen guga ba. Kika ce, "Ɗora ta can sama. Ran da na buɗe ta, ka sami matar aure. In ta koma maka a toshe, ka san amsarka. Amma kada in ga gashin bakin nan a Savona kafin nan, ka ji ko?" Na rantse, kuma Ghignone ba ya rantsuwa ya warware. Shi ya sa takarda ce a hannunki yau, ba ni ne a ƙofarki ba.

To, ga abin da ya faru, ya hasken tuddanmu. Zafi ya riga lokacinsa zuwa bana, kuma zaƙin da na kwantar ya farka. Ina gona ina ɗaure rassa da tsakar rana, sai na ji ƙara daga gida kamar an harba bindiga. Na sauka rumbu na tarar da 'yar'uwar kwalbarki ta tarwatse, kumfa na bin ƙasa. Kafin in miƙe, ta kusa da ita ta tashi, gilashi ya tsaga mini goshi dab da gira. Tun daga ran nan suke bin juna, yau wannan, jibi waccan, har ba na shiga sai da ragar waya a fuska. Kawu Notu, ƙanen mahaifiyata, wanda kwalba irin wannan ta cinye wa idon hagu tun yana saurayi, shi ya wanke mini ciwon. Yana ɗaure mini kai yana cewa, "Ɗan nan, mutane na kai wa mace zobe, kai ka kai mata bam. In tana son ganin yadda za ta koma, turo ta ta kalle ni." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Yana cewa tacewa ɗaya ta rage ban yi wa giyar ba, ni kuwa na ce rana ce ta ci amana, amma yau ba ranar gardama ba ce.

Ki duba, Onorina! Rumbuna cikin dutse aka sassaƙa shi, ko da rani mutum na neman riga a ciki, duk da haka suna fashewa. Ina ga taki, wadda ke zaune bisa gawayi da tururi daga safe har yamma, daidai saitin fuskarki? Idanun nan naki, masu kama da ruwan kogin Belbo in ya kwanta bayan ruwan sama, su zan sa a caca don in ji amsa? Ina cin abinci ina jin ƙarar. Ina coci ina jin ƙarar. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in ce shi ke nan, ta tashi.

Na juya maganar ta kowace fuska. In na ce ki buɗe, za ki ce Evasio ya yi wayo, ya tsorata ni don ya karɓi amincewata ta ƙarfi. In kika mayar mini da ita a toshe, jirgin ƙasa zai girgiza ta, ta tashi a hannun wani bawan Allah mai 'ya'ya. In kika bar ta inda take kina tunani, kwanakin zafi ne ke gaba. Hanya ɗaya ta rage, kuma ta fi gilashin nan yi mini ciwo.

Na warware sharaɗin. Ni da aka yi wa alkawarin, na yafe shi, da hankalina, da rubutun hannuna. Daga yau buɗe kwalbar nan ba ya nufin kome. Ba i ba ne, ba a'a ba ne. Ba zan taɓa tsayawa gaban kowa in ce ai ta buɗe ba.

Ga yadda za ki yi, kuma kada ki sake ko ɗaya. Ki kashe gawayi, ki bar ɗakin ya huce. Ki jiƙa bargo mai kauri, ki lulluɓe ta da shi kafin ki ɗaga, kina kau da fuska. Kada ki girgiza ta. Ki sa ta cikin bokitin ruwan sanyi a inuwa, ta wuni a ciki. Sa'an nan ki fita tsakar gida, ki juya bakinta wajen teku, ki yanke igiyar matoshin, ki bar shi ya tafi inda ya ga dama. Abin da ya saura bayan kumfa, ki kira matan da kuke guga tare ku shanye shi da sanyinsa, da ɗan biskit in akwai. Wadda ta tsira a nan na ɗanɗana ta, kuma ina faɗa ba don yabon kai ba: tudun nan bai taɓa fitar da irinta ba. Hannunki ne a ciki.

Na san abin da na yi. Na cire abu ɗaya tilo da ke tsaye a ɗakinki yana tuna miki da ni, na bar kaina ba wakili. Wataƙila in kantar ta zama wayam, zuciyarki ma ta huta da zancena. Na karɓa. Gara ki ƙi ni kina kallona da ido biyu.

Abu ɗaya nake roƙo, ya ke tsattsewar da nake jiran dawowarta ƙarƙashin rufina. Ki aiko mini da layi ɗaya, yanzu na iya karanta shi da kaina, ki ce kwalba ta sauka, fuska lafiya. Waccan amsar kuwa ki riƙe ta har ran da kika so, ko inabi ya nuna sau nawa a tsakani. Giya ce ba ta iya jira. Ni na iya.

Naki, da ciwon goshina da duk abin da na mallaka, har ranar da za a kwantar da ni a gindin tudun nan,

Evasio Ghignone