Sakatar da Na Sa wa Gwaggo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ciwon bayan nan, ya raba ka da hawan bene da kaya. Mu ma lafiya lau. Maigidan yana fama da aiki, 'yan biyu suna hutu suna cinye mini gida, Auta kuma ta fara sa tabarau, yayyenta sun samu abin tsokana.

Na saurari saƙon muryar da ka tura zauren 'yan uwa, inda ka ce boko ya hau mini kai har na kulle wa Gwaggo ƙofa. Ka yanke hukunci kafin ka tambaye ni, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka san shekarun da na kwashe a kantin magani ina miƙa abin da wani ya sa wa hannu. Jami'a ta yarda ta ɗauke ni karatun harhaɗa magunguna in an koma, da sharaɗi ɗaya: in kawo sakamakon kalkulas, lissafin da ke auna yadda abu ke canzawa, kamar raguwar magani a cikin jini. Shi ya sa na ɗauki darasin ta intanet a wannan dogon hutu. Na ture keken ɗinki daga ɗakin baya, na ɗora kwamfuta a teburin guga. A wurin aiki, lokacin cin abinci, tsakanin kwalaye nake zama ina sauraron malama.

Jarrabawarsu kyamara ce ke gadinta. Sai ka juya kwamfutar ka nuna kowane lungu, har ƙarƙashin tebur, sannan ba shiga, ba magana. Na yi wa kowa bayani, Gwaggo ta ce ta gane sarai. Ina tsakiyar tambayar da ta fi wuya sai ta turo ƙofa a hankali, wai don kada ta dame ni. Ta dafa kaina, ta sunkuyo daidai kunnena tana raɗa mini addu'a, ta kuma leƙa kyamarar ta yi mata sannu da aiki. Abin da makaranta ta gani shi ne dattijuwa tana raɗa wa ɗaliba amsa. Aka soke jarrabawar. Da furfurata na zauna gaban kwamiti ta bidiyo ina rantsuwa cewa ƙanwar mahaifina ba ta taɓa jin sunan kalkulas ba. Sun ba ni dama guda, ranar Asabar mai zuwa. In ko inuwa ta gitta, sai baɗi, kuma gurbin jami'ar ba zai jira ni ba.

Da na faɗa wa Gwaggo, sai ta ce ai addu'arta ce ta tausasa zukatansu, don haka wannan karon za ta fi daɗewa. A ranar na kira kafinta ya sa wa ƙofar ɗakin sakata. Ta yi fushi, ta ce a gidan ɗan'uwanta ba a taɓa rufe wa babba ƙofa ba. Ta manta, kai ma ka manta. Lokacin da kake naka karatun, da takalma a hannu muke wucewa ta ƙofarka, ko tari aka hana mu, kuma ita Gwaggon ce mai tsaron. A lokacin ba wanda ya ce boko ya hau maka kai.

Ina ƙaunar Gwaggo, ni ke yanke mata farce, ni ke kai ta asibiti, ba daga nesa nake son ta ba. Amma sakatar nan ba za ta fita ba, kuma ba zan ba da haƙuri a zaure ba. Addu'a ba ta buƙatar a buɗe mata ƙofa. In da gaske kana jin zafin a bar ta ita kaɗai a falo, ga aikinka: ranar Asabar da hantsi ka kira ta a waya, ka tambaye ta labarin kakanninmu tun daga farko, kada ka kashe sai na fito. Ku haɗu ku zage ni in kuna so, muddin daga wancan gefen ƙofar ne.

Ka gaishe mini da Anti, da Likita ƙarami, da Kawu in ya leƙo. Allah ya bar zumunci, ya kuma ba wayarka caji.

Ƙanwarka,
Maman 'yan biyu