Shirun Obadiah

Leeds, Fabrairu 1976

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Baba da kowa a Kafanchan? Ni lafiya lau, sai sanyi da ƙarancin barci, kada ki damu.

Kin ce ƙanena Obadiah ya samu sauƙi wurin mai maganin taɓin hankali na Godogodo, har ya daina waƙa. Yaron da na koya wa waƙoƙin coci da kaina? Shirun nan bai kwanta mini ba. Kuma me ya sa kullum kike samunsa zaune, an rufa masa zane a ƙafa?

Ki je ba sanarwa, ki yaye zanen. In kin ga shatin igiya, kada ki dawo gida ba tare da shi ba.

Allah ya tsare ku.

'Yarki,
Irene