Sun Ba Ni Hannu, Yanzu Sun Ce In Mayar

Malama mai filin shawara,

Ki taimake ni ki karanta wannan har ƙarshe, don na gaji da masu saurarona da rabin kunne. Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina mai kemis ne ke rubutawa, ina faɗa yana sawa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Tun kaina da sauran baƙin gashi injin matse kwanon rufi ya cinye mini hannun dama, ya bar ni da guntu ƙasan gwiwar hannu. Kafin ranar na sha gaya wa shugaban sashenmu cewa an cire ƙarfen da ke kare bakin injin don aiki ya yi sauri. Ya ce in ba zan iya ba, akwai masu jira a bakin ƙofa. Da abin ya faru na yi ta zarya ofishinsu, yau manaja ya yi tafiya, gobe yana taro, har kamfanin ya rufe. Har yau babu wanda ya dubi idona ya ce laifinsu ne. 

Na koma gadi, na rayu da dungu. Uwar 'ya'yana ce ke ɗaura mini mazagin wando kowace safiya kamar ƙaramin yaro. In an miƙo mini hannu a gaisa, sai in ba da hagu ina ba da haƙuri.

'Yata ta biyu tana karatun zurfi a jami'a, ɓangaren masu ƙera na'urori. Bara waccan ta zo mini da labari cewa farfesansu ya ƙera hannun ƙarfe mai motsi, suna neman wanda za a gwada da shi. Na ƙi, ta nace, na je don kada a ce na watsa mata ƙasa a ido. Hannun baƙi ne, yatsu biyar, bayansa kamar kofi da ake zura dungu a ciki. A cikin kofin akwai wasu ƙananan maɓallai da ke taɓa fata, wai suna sauraron tsoka. Suka ce yana da ƙirƙirarriyar basira, wato koyo yake yi.

To wa ya koyar da shi? Ni ne. Da farko in na so ya rufe sai ya buɗe. Kofunan gidana sun sha wahala. Nakan hau benensu in zauna cikin wayoyi, matse, saki, matse, saki, har dungun ya riƙa rawa. A hankali ya gane ni. Yau ina sa maɓallin riga, ina riƙe cokali, ina ɗaura wandona da kaina. Abokan zamana a ƙofar gida suna kirana Baba Mai Caji, ban damu ba, tunda da dama nake gaisawa da su. Ran da manyan baƙi suka zo, ni aka tsayar na ɗauki ƙwai ban fasa ba, aka yi ta tafi, aka ɗauki hoto.

Yanzu wai bincike ya ƙare. Hannun na jami'a ne, za su kwance shi su ga inda ya ci, su ƙera wanda ya fi shi. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun karanta mini wannan sharaɗi tun farko, na dangwala da hagu. Amma mai jin ƙishi in an miƙo masa ruwa, yana tsayawa jin na wane ne kwanon? In sun san za su karɓe, ai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da na saba da dunguna.

Na daina zuwa, na daina ɗaukar wayarsu. 'Yata ta zo tana roƙona, ta ce farfesan nan shi zai sa hannu a kan aikinta, kuma kullum ita yake tambaya ina hannun yake. Na ce mata in don hannun take zuwa, ta daina tako mini gida. Ta fita tana kuka. Uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole.

Ga abin da mai kemis ya ce lalle in faɗa. Mutanen jami'ar sun ce a riƙa cire hannun in za a kwanta, fata ta sha iska, shi kuma ya yi caji. Ni kuwa tun da maganar nan ta taso ban cire ba, don ina tsoron in na ajiye, uwar ko 'yar wata ta ɗauke. A jikina nake yi masa caji, in zauna kusa da soket kamar akuyar da aka ɗaure. Yanzu dungun ya kumbura, yana ruwa, ya fara wari, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Mai kemis ya ce ya fi ƙarfinsa, sai asibiti. A asibiti kuwa cirewa za su yi, in an cire na san ba zan sake ganinsa ba.

Ki amsa mini, Malama, tunda kowa ya ƙi. Sau nawa ake raba mutum ɗaya da hannunsa? Su da ƙarfensu, ni da namana da wahalata, wa ya fi haƙƙi a kansa? Kada ki ce mini in yi haƙuri. Haƙurin na ci shi har ya ginshe ni. Amsa nake so.

Mai Hannun Aro

Baba,

Na karanta har ƙarshe, kuma ba haƙuri zan ba ka ba. Abin da aka yi maka a kamfanin nan zalunci ne, laifinsu ne, ba naka ba. Tsoron da kake ji yanzu ma ba wauta ba ce.

Amma mu fara da abin da ba ya jira. Kumburi da wari da zazzaɓi alama ce ciwon yana iya shiga jini. In ya ci gaba, ana iya ƙara yanke dungun, kuma tsokar da hannun ke saurare ita ce za ta tafi. Daga nan ko sun bar maka shi kyauta, ba shi da inda zai zauna. Ka je asibiti yau. Ba dole sai na jami'ar ba. Ka cire hannun da kanka, ka ba mai kemis amana ya kulle a shagonsa. Likita ciwo zai duba, ba aikinsa ba ne ƙwace kayan kowa.

Sai batun haƙƙi. Ƙarfen nasu ne, ka kuma amince da sharaɗin, kai ma ba ka musa ba. Kwance shi da za su yi ba mugunta ba ce, da haka ne za a ƙera na masu dungu da yawa da ke jira. Kuma ka sani, na'ura irin wannan ba ta daɗewa in babu masu gyaranta. Ko ka riƙe, wata rana za ta tsaya, ba wanda zai taɓa maka ita.

Amma su ma da nasu laifin. Bai dace a mayar wa mutum da abin da ya rasa, a yi tafi da shi gaban baƙi, sannan a sallame shi ba tare da wani tanadi ba. Jami'o'in da ke gwaji da mutane yawanci suna da kwamitin da ke kare haƙƙin waɗanda aka yi gwajin da su. Da ka samu sauƙi, ka nemi zama da farfesan a gaban kwamitin, ka tafi da mutum naka mai karatu. Ka tambaye su me za ka sa daga ranar da ka miƙa wannan, ko za a mayar maka da shi bayan sun duba, ko kana cikin na farko in sabon ya fito. Abin da suka amsa a rubuta, a karanta maka, kafin ka miƙa komai. Ba zan yi maka alkawarin za ka samu duk abin da kake so ba, amma wanda ya zo ya zauna ya fi wanda ya kashe waya ƙarfin magana.

'Yarka kuwa ka cire ta daga tsakani. Ba ita ta kafa sharaɗin ba, so take ta ga ubanta da hannu. Ka kira ta, ka gaya mata halin da dungun yake ciki, ka bari ta raka ka.

Kada ka kwana da shi a jikinka yau, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa zaman ya yi albarka, Ya daidaita tsakaninka da iyalinka.