Sheƙar da Ta Rage

Ni ce Celina Shekari ta Romi, tsohuwar malamar kimiyyar halittu, uwar Stephen da Phoebe. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Ciwon a ciki yake, bai hau kai ba. Duk wanda ya ce daga baya magani ne ya ruɗa ni, ku miƙa masa takardar nan ya nemo inda na yi kuskure. Likita ya daina kallon idona in yana magana, na kuma gane abin da hakan ke nufi. Na gode wa Ubangiji, ba na jin tsoro. Haushi nake ji, kuma da shi zan rubuta.

1. Gidan Romi naku ne ku biyu. Ba a rabawa, ba a sayarwa. Baba Ayuba, yayan mahaifinku, zai zo da maganar al'ada, wai namiji ke gadon gida. Ku ba shi kujera mai kyau da ruwan sanyi, ku saurare shi har ya gama, sa'an nan ku karanta masa wannan layin: bayan an rufe masaƙa a Kakuri, mahaifinku ya zauna ba aiki har ya rasu, kuma alli da allo ne suka yi wa gidan nan rufi.

2. Zannuwana, ƙanwata Mary ta raba wa matan zumunta na coci. Littattafai a kai makarantar da na koyar, a ba yara a hannu, kada a kulle su a ofis gara ta karanta.

3. Ranar jana'iza kada a buga fuskata a riga. Na ga rigunan matattu da yawa sun koma tsumman goge babur. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa: kada a nuna hoton ko ɗaya daga tsuntsayen da na ɗauka a bango ko a takardar sujada, kada kuma kowa ya tashi ya ba da shaida a kansu. Ku biyu kun san dalili. Zan rubuta shi saboda dattawan da za su ce na cika tsanani.

Ina yarinya a Makera, ungulu ta fi kaji yawa a kan rufin mahauta. Jifanta muke yi. A shekarata ta ƙarshe a aji, wata yarinya ta tambaye ni ko ungulu tana nan da gaske, ko kuwa irin dodon tatsuniya ce. Na buɗe baki in amsa, sai na tuna ni kaina na manta rabon da in ga guda. Ba wanda ya yi kukanta, don ba ta da kyau, ba ta da murya. Fasto ma ya tuna mini tana cikin tsuntsayen da aka hana ci. Na ce masa ci aka hana, ba a ce a ƙarar da ita ba.

Na sayar da filina na Kudenda na sayi kyamara, irin ta ƙwararru wadda ba madubi a cikinta, tare da dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Unguwa ta yi ta magana: mace, mijinta ya rasu, ta zuba gadon 'ya'yanta a kyamara, kuma ko biki ba ta ɗauka. Amfanin kyamarar shi ne ba ta yin ƙara. Sai in zauna cikin ciyawa da tsohon zane mai launin ƙasa, in ɗauki tsuntsu yana gyara gashinsa, bai ma san an haife ni ba. Zalɓe, cilakowa, balbela, duk na same su a bakin kogi. Ungulu ce ta wahalar da ni, rani bayan rani, kafin na sami sheƙarta a kan wata giginya.

Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ɗaya tak. Na bi ta tun tana kwanci har ɗan ya fito, na kuma sami hoton da na sayar da fili dominsa: uwa ta buɗe fiffike tana tare wa ɗanta rana. Wata mujalla ta ƙasar waje ta buga shi. Na hana su faɗin wurin, suka yarda, don su sun san abin da ake yi da kan ungulu a kasuwar masu magani.

Sai ranar Lahadi a coci, lokacin shaida, kai Stephen ka karɓi makirfo. Ka gode wa Allah da ya ɗaukaka mahaifiyarka a idon duniya. Ka faɗi wahalar da na sha, ka faɗi hanyar da nake bi, ka faɗi gonar da giginyar take. Ikilisiya ta yi tafi, mata suka yi guɗa, wani ya ɗauka a waya ya watsa. Ina zaune a layin zumunta, ina ji da kunnena. Da na koma wurin, ƙusoshi na tarar an kafa a jikin giginya kamar tsani, sheƙa a ƙasa, gashi ko'ina. An sare kan uwar an yar da gangar jikin. Ɗan kuma ko kai ba a ga ya isa a cire masa ba.

Wanda ya hau bishiyar yunwa ce ta hau da shi. Masu sayen kan su ne nake jin haushi: masu neman kujera, masu neman kwangila, waɗansunsu a layin gaba suke zama ranar Lahadi da manyan riguna. Su da Allah.

Abin da na faɗa maka ranar, Stephen, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ni na faɗa na gama. Ke Phoebe ba ki faɗi komai ba, kuma ba ki gama ba. Kin canza wurin zama a coci. In ya shigo falo sai ki tuna kina da wanki. Ko sunansa ba kya kira, sai dai ki ce ɗan Mama. A gadon asibiti nake, amma ina gani: kuna zuwa duba ni kamar ma'aikata masu karɓar aiki, ɗaya ya fita kafin ɗaya ya shigo.

4. Akwai wata sheƙar. Ba zan rubuta inda take ba. Phoebe ta sani, don ita ta riƙa kai ni a babur da ƙafafuna suka fara gazawa. Dokokin wurin ke nan. A kashe abin nuna wuri a waya tun daga gida. Ba a matsawa kusa in tana kwanci, don in ta tashi rana za ta dafa ƙwan. Ba a ɗaukar hoto da dutse ko turken lantarki a baya, wanda wani zai gane. Ba a nuna wa kowa hoto sai ɗan ya tashi ya bar sheƙa. In manoma sun tambaya, a ce balbela ake ɗauka, a kuma ɗauki balbelar don kada a yi ƙarya. Kada a wuce inda manoma suke tsayawa, a kuma dawo da sauran rana. Kun san halin da dajin nan yake ciki, babu hoton da ya kai ranku.

5. Kyamara, gilasanta, batura, ƙafar da ake ɗora ta a kai da duk katunan hotuna na ba Stephen. Phoebe, na san kin sa rai, amma gaskiya ɗaya ce: ba ki iya zama wuri ɗaya ba, kuma rabin tsuntsayen da kika ɗauka wutsiya ce kawai. Shi yana da hannu, yana da haƙuri. Baba Ayuba zai ce ya buɗe shagon hoto. Ya ɗauki biki ranar Asabar ya ci abinci, ban hana ba. Dogon gilashin dai ba na amarya ba ne.

6. Phoebe, wannan naki ne, kuma shi ya fi kowanne wuya. Ki kai Stephen wurin sheƙar.

Kada ki zaci na yanke wannan da sauƙi. Na juya shi har kaina ya yi ciwo. Mai yiwuwa sheƙar nan ita ce ta ƙarshe a wannan gefen kogi, kuma ga ni ina miƙa ta ga bakin da ya kashe ta farko. In ya sake yin haka, babu ta uku. Ina jin tsoron wannan fiye da abin da likita ke ɓoye mini. Amma akwai abin da ba ki sani ba, don ba kya kallonsa. Tun ranar bai ƙara riƙe makirfo ba, har ƙungiyar mawaƙa ya bari. Kuma shi kaɗai ya koma ya zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo hannunsa duk jini, bai gaya wa kowa ba. Ni ma a hannun na gani. Ke kina da hanya ba ki da ido, shi yana da ido ba shi da hanya. In kika riƙe wurin ke kaɗai, ranar da aiki ko aure ya ɗauke ki daga Kaduna, ungulun za ta zauna ba mai duba ta, ni kuma na bar gida da baƙi biyu a ciki. In na yi kuskure a kansa, laifin nawa ne, ki ɗora mini.

Kada ku jira a binne ni. Yanzu ne lokacin, ɗan yana cikin sheƙa. Ku hau babur ɗaya. Ba sai kun yi hira ba, dama wurin ba ya son surutu. Ku kawo mini hoton in gani a bayan kyamara, ku shigo ɗakin nan tare.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya ba Stephen riƙon baki, ya ba Phoebe sakin zuciya, ya ba ku 'ya'yan da za su ga ungulu da idonsu. Na sa muku albarka, ku biyu, daidai wa daida. Ku riƙe juna, don bayan ni babu wanda zai tsaya a tsakaninku.

In kuma kun dawo kun tarar na riga na tafi, ku zauna ku kalli hoton tare. Kada ku nuna wa kowa. Ku biyu kun isa.

Mahaifiyarku,
Celina Shekari