Ƙayar Aduwa da Faifan Zabarma

Kebbe,
Ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma sai an nemo mai karanta maka boko. Amma akwai maganar da na riƙe shekara biyu da wata uku, kuma ka san na fi iya faɗin abu a rubuce.

Na ci jarrabawa, Baba. Sakamakon ya fito kwana goma sha tara bayan rasuwarka. An turo ni makarantar En'e ta nan Kebbe, ina koyar da aji uku. Mutanen garin suna ce mini Malam, ni kuwa har yanzu nakan waiga in ga ko da wani suke. Gero ya yi kyau bana, gonar hanyar Sanyinna ta cika rumbu, dawa ce kawai ba ta yi yadda ake so ba. Yaya Luba ta haihu a Dogon Daji, namiji, an sa masa sunanka. Inna ba ta iya kiran sunan, sai dai ta ce a miƙo mata maigida. Yaya Sule ne a kan keken ɗinkinka a kasuwar Tambuwal. In gaskiya za a faɗa, ɗinkinsa ya fi naka miƙewa. Sai dai shi ba ya tsayar da keke don wani Bafillace ya wuce yana busa sarewa, kuma bai taɓa barin rigar mutum da hannu ɗaya ba don an ce ana gayya da gangar noma a Fakku.

Ko akwai kiɗan da ba ka so? Na zauna na yi tunani, ban samo ba. Kalangun mahauta ranar kasuwa kana so. Bege kana so, har ka yi ƙwalla. Waƙar niƙa da mata ke yi a bayan danga, kakan rage muryarka don ka ji ta. Shekarar da aka samu mulkin kai, mutane sun tafi Sakkwato kallon manya, kai ka dawo kwana uku kana kwaikwayon badujala da baki. Alhazan da suka biyo ta Sudan sun san tsarabar da za su kawo maka ba dabino ba ne. Na ƙirga faya-fayan garmahonka, talatin da huɗu ne. Akwai na Larabawa, akwai na Yarbawa, akwai na mutanen Kumasi masu busa ƙaho, har da guda biyu na Indiya da Liman maƙwabcinmu ya ce kamar ana matse kyanwa. Ba ka jin ko kalma ɗaya a cikin yawancinsu. Na taɓa tambayarka me kake ji to? Ka ce in je in tambayi jariri me yake ji idan uwarsa na rarrashinsa.

Ga maganar da na riƙe.

Ka tuna faifan Zabarma, wanda wani bafataken goro ya kawo maka, mai molo da muryar dattijo? Shi ka fi so. Ka tuna hutun da na zo da ɗan gwangwanin allurar garmaho daga Sakkwato? Na ce maka abin kunya ne a ce garmaho mai kyau irin wannan ana sa masa ƙayar daji a madadin allura. Na ce ba haka masu ƙera shi suka tsara ba. Ka karɓa ka yi godiya, ka ce allurar ƙarfe tana sa mawaƙi ya riƙa yi wa mutum tsawa, kuma Liman na karatu a bayan katanga. Ka ajiye gwangwanin, ka ci gaba da ƙayarka.

Ranar da ka tafi ɗaurin aure Sanyinna, abokaina biyu suka zo. Na so su ji yadda garmaho yake idan an bi ƙa'ida. Na sa allurar ƙarfe, na ɗora faifan Zabarma. Sau goma sha ɗaya muka ji shi, da allura ɗaya. Sai da na ga wani farin gari yana taruwa a kan faifan na tsaya. A bayan gwangwanin an rubuta da Turanci cewa kowace allura sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Na iya Turanci, Baba. Ni da nake karanta takarda har da lambar shafi, ban juya gwangwanin ba sai da aikin gama ya gama. Allurar ta dakushe, ta cinye tsakiyar waƙar. Daga baiti na biyu zuwa kusan ƙarshe babu abin da ke fita sai shuu, kamar ana sheƙe gero.

Na goge faifan da gefen rigata, na mai da shi can ƙasa, na yi shiru. Bayan kwana biyu na ji ka ɗora shi. Ina zaure ina saurare. Da ya kai wurin, sai ka ɗaga hannun garmahon, ka sa na Sudan. Ba ka ce komai ba, ran nan ko wata rana. Na yi ta gaya wa kaina cewa ka ɗauka zafi ne ya lalata shi.

Da aka raba kayanka, garmahon ya zo hannuna, don Yaya Sule ya ce shi rediyo ya ishe shi. Na bar shi a ɗakinka a rufe. Inna kuwa, ka san shekara ashirin tana kiransa hayaniyar babanku. Sai ga shi mako biyu bayan ta fita takaba, ina ɗaure kaya a keke zan dawo Kebbe, ta ce, "Habibu, in ka taho Alhamis ta sama ka aza min faifan ga na Zabarmawa. Wata fuɗu ba abin da nika ji gidan ga sai kukan kaji."

Cikin talatin da huɗu, me ya sa sai shi? Mako guda ban koyar da lissafi daidai ba. Na yi tunanin in ce ya fashe. Na yi tunanin in sa mata wani, ko ba za ta gane ba. Amma ƙarya ta biyu a kan ta farko, kuma ga Inna? Na yanke shawara zan sa shi yadda yake, in faɗa mata wanda ya ɓata shi. Abin da nake tsoro shi ne ta dube ni ta ga mutumin da ya lalata abin da mijinta ya fi so, ya kuma bar shi ya tafi kabari bai nemi gafara ba.

Na rantse ba zan ƙara kusantar faifanka da ƙarfe ba, sai kuma na ga ban san wace ƙaya kake sawa ba. Na gwada ta magarya, ta lanƙwashe. Dole na je wurin amininka Ɗanjuma wanzami. Ya yi dariya har ya ajiye askarsa. Ya ce, "Kai ɗan boko! Shekara nawa kana kallo nai shina fiƙe ta? Aduwa ta. Ka samo wadda tab bushe bisa icce, ba ɗanya ba." Shi ya fiƙe mini guda shida, yana yi yana cewa ilimin kwaleji bai kai gindin aduwa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na fito da garmahon tsakar gida. Inna na kan tabarma tana tsintar wake. Na wana shi, na ɗora ƙayar. Molon ya fito a hankali, kamar mai shi yana zaune a gindin dalbejiyarmu. A ranar na fara jin abin da kake nufi. Baiti na farko ya wuce. Na runtse ido ina jiran shuu ɗin.

Ya zo. Sai na ji wata murya ta ɗauki waƙar daga daidai inda ta yanke. Inna ce, Baba. Ba ta ɗaga kai daga faranti ba. Ta rera baiti uku cur da Zabarmancin da ba ta ji, har da wurin da dattijon ke jan numfashi, kuma da faifan ya dawo daidai, tare suka sauka. Ka san ta haddace shi? Ko kai ma ta ɓoye maka?

Da ya ƙare na ce mata ni na lalata shi, na faɗi ranar da yadda aka yi, har da sau goma sha ɗayan. Ta zubar da ɓawon wake ta ce, "Ai na sani. Ran da yad dawo Sanyinna yag ga gwangwanin a buɗe. Yac ce kar wanda yay yi ma magana, kai in an ɗaga ma murya sai ka kwana ukku ba ka ci tuwo ba. Wana shi mu koma."

Na wana shi, muka koma. Sau biyu, kowanne da sabuwar ƙaya.

Ashe tun ran nan ka yafe mini, ni ne ban zo na karɓa ba. Duk da haka ina so in faɗa da bakina: ka yi haƙuri, Baba. Ni ne, kuma kai ke da gaskiya. Inna ta ce garmahon ba zai bar Tambuwal ba, kuma in na zo wani makon na Indiya take so, ta ji ko Liman ya yi musu ƙazafi.

Sai wata rana, Baba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Habibu.